Irin Kindirmon Ama

Tashar bincike, Antatika
Watan Maris

Taiji,

Na taɓa ƙafafunki don gaisuwa, na taɓa na mijinki Tauji, na kakata Ama kuwa goshina na ɗora a kansu. Ina fata gwiwarki tana barinki ki yi barci, kuma tarin Tauji ya sauka. Ki gaishe mini da surukarki Nirmala da yaranta. Ni lafiyata ƙalau, har kumatu na yi, don haka ki daina gaya wa matan garinmu Binakot wai na tafi inda za a tsinci gawata a daskare.

Jirgin ruwan da ya kawo mu ya juya. Mun tsaya a kan ƙanƙara muna ɗaga masa hannu har ya ɓace. Mu ashirin da 'yan kai ne a nan, mata biyu kacal, ni da likita. Babu mai shigowa, babu mai fita sai Nuwamba. In kina shirin turo Tauji ya jawo ni gida da kunne, sai ki haƙura.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kindirmo ya kama.

Na san ba ki manta safiyar da zan taho ba. Kika tare ƙofar ɗakin girki da hannu, kika ce irin kindirmon gidanmu ba ya fita sai da amarya. Haka Ama ta zo da shi daga gidan ubanta, haka 'ya'yanki mata suka tafi da shi gidajen mazansu. Kika ce ni da na ƙi aure har na wuce talatin, na kuma zaɓi in ƙetare teku in ci tukunya ɗaya da kowane irin mutum, ba ni da rabo a cikinsa. Kika ce in na dawo ƙafata ba za ta sake taka ɗakin girkin nan ba, a baranda za a riƙa miƙo mini abinci a kwanon baƙi. Ke matar yayan ubana ce, amma tun ranar da Ija ta rasu ban san wata uwa ba sai ke, shi ya sa maganar ta yi mini zafi har yau. Na bi ta ƙarƙashin hannunki, na tsoma tsohon ƙyallen Ama a akushin kindirmo a kan idonki, na shanya shi ya bushe na sa a jaka. Ba sata na yi ba, rabona na ɗauka.

Na yanka ƙyallen gida uku. Madarar gari kawai muke da ita. Na farko na jiƙa na ajiye a ɗakina, gari ya waye madara tana nan madara, sanyi ya hana ta. Na biyu na kai ɗakin inji na ɗora kan bututun zafi, ya tsinke ya yi wari, bakanike ya kusa korata da sifana. Ya rage mini guda ɗaya tak. Sai mai dafa mana abinci, Varghese, wani dattijo daga Kerala, ya ce, “Ƙanwata, ki daina azabtar da shi. Ga kanta can saman murhun burodi, ko jariri aka kwantar a wurin barci zai yi.” Na naɗe kwanon da safar ulu na ɗora.

Taiji, da na buɗe na sa cokali, ya tsaya cak. Na ɗanɗana, sai ga ɗakin girkinki gaba ɗaya a bakina, har da hayaƙin itacen nan. Na yi kuka a gaban mutumin nan, ban kuma ji kunya ba.

Ki gaya wa Ama irinta yana raye a ƙasan duniya.

'Yarki, ko kin so ko kin ƙi,
Hansi


Binakot
Watan Afrilu

Hansi,

Ki rayu, ki daɗe, tunda addu'ar da kika bar mini ke nan. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta. Tauji ya samu sauƙi. Ama tana cin shinkafarta da kindirmo safe da yamma, ba ta kuma yarda da komai ba bayan wannan. Saniyarmu Bhuri ta haihu, mace. Da hannuna nake rubuta wannan, Nirmala za ta ɗauki hotonsa da waya ta turo miki, kada ki ce wani ya sa mini magana a baki.

Wato har murna kike yi? Ram, Ram! Irin da ya shekara sittin bai san komai ba sai nonon saniyar gidan nan, shi kika kai kika zuba wa garin gwangwani. Wannan garin ko inuwar saniya ya taɓa gani? Kuma wane ne wannan Varghese da har yake ce miki ƙanwarsa? Da jin sunan na san mai cin naman saniya ne. A saman murhunsa kika kwantar da irin Ama! Ban karanta wa Tauji wannan wurin ba, tsallakewa na yi.

Tunda kin riga kin yi aika-aikar, to ki saurara. Ki ajiye shi a ɗakinki. Cokalinki kaɗai zai shiga. Ki yi wanka kafin ki taɓa shi. Kuma ko wa ya roƙa, kada ki ba da shi bayan faɗuwar rana, kin sani sarai albarkar gida ce take bin sa ta fita. An ce akwai wani Tiwari a cikinku mai kula da na'urar sadarwa, surukin mutanen Ranikhet ne, ɗan gidan mutunci. Ki riƙa zama kusa da shi wurin cin abinci, abin da ya ci ki ci, abin da ya bari ki bari.

Maganar ɗakin girki kuwa tana nan. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, haka na tarar, haka zan bari. Na raine ki da hannun nan, na kuma fi kowa sanin taurin kanki, amma nawa ya girmi naki.

Kina sa hular da na saƙa miki? Ba ki faɗa ba.

Taiji


Tashar bincike
Watan Yuni

Taiji,

Na taɓa ƙafafunku duka. Barka da haihuwar Bhuri. Ina sa hular, a ƙarƙashin wasu huluna biyu, har likita tana tsokanata wai kaina ya fi tukunyar shinkafa girma.

Na karanta dokokinki a tsaye, na kuma sake karantawa a zaune, na yi dariya har Varghese ya leƙo. Kin ce kada in ba da kindirmo bayan faɗuwar rana. Taiji, rana ta faɗi tun ƙarshen Mayu, kuma ba za ta fito ba sai cikin Yuli! Da tsakar rana ɗan ja-ja kawai muke gani a gefen sama, shi ma ya gudu. In na bi dokarki, mutane za su yi wata biyu suna kallon kwano. To na ba su. Kullum ina ba su, albarka kuma ban ga ta kama hanya ba, ina ma za ta je a wannan sanyin?

Bari in gaya miki yadda muke, ki daina zato. Aikina auna yanayi. Kullum nakan fita in saki babban balan-balan mai ɗauke da na'ura, ya hau sama ya aiko mini da labarin iska. Tsakanin gidan kwana da rumfar aikina akwai igiya a ɗaure. In iska ta taso da garin ƙanƙara, ko tafin hannunki ba za ki gani ba, igiyar nan kaɗai za ki bi, in kika sake ta shi ke nan. Numfashi yana daskarewa a gashin ido. Ruwan sha daga wani tafki ake jawo shi ta bututu, in bututun ya daskare kowa sai ya fito, har shugaban tasha. Shara ko ɓawon albasa ba a bari a ƙasar nan, a ganga muke tarawa jirgi ya mayar. Albasar ma ta ƙare. Ganye ɗanye kuwa rabonmu da shi tun Afrilu, shi ya sa kindirmon nan ya zama sarki. Manyan masana masu furfura suna layi da ƙoƙo suna cewa, “Hansi-ji, a ƙara rabin cokali mana.”

Wanke-wanke da wankin banɗaki bi da bi ake yi, ba a tambayar gidan da aka haifi mutum. Makon jiya ni na wanke kwanon bakanikenmu Shabbir, wannan makon shi ya wanke nawa. Tiwarin naki kuwa, ɗan gidan mutunci, na zauna kusa da shi kamar yadda kika ce. Ƙwai huɗu yake ci da safe, ya kuma miƙa hannu cikin farantin Shabbir. In na ci abin da yake ci, sai kin yi wanka kafin ki karanta wasiƙata.

Ni ban ci nama ba, ba kuma zan ci ba, ba don tsoronki ba, don ba na so. Amma ba zan ɓuya a ɗaki da cokali ina hana mutanen da muke riƙe igiya ɗaya ba. Kin ce naki taurin kan ya girmi nawa. A wurinki na koya, kuma nawa ƙanƙara ta ƙara masa ƙarfi.

Hansi


Makarantar Binakot
Ƙarshen Yuli

Hansi,

Ki rayu. Kada hankalinki ya tashi, dukkanmu muna raye. Ki fara riƙe wannan kafin ki karanta sauran.

Ruwa ya yi ta zuba ba tsayawa, sai dutsen bayan gida ya zabtaro. Da rana ne, muna gona, Nirmala ta goyo Ama ta fito da ita da ƙyar. Garke ya tafi. Bhuri da 'yarta suna ƙarƙashin laka. Ɗakin girki rabinsa ya rufta. Yanzu a ajin makaranta muke kwana da sauran mutanen unguwa. Da aka tona aka ciro akushi a fashe, cike da taɓo. Na zauna a wurin na kasa tashi, sai da Tauji ya ɗaga ni.

Na aika wa 'yan'uwanki mata. Ta Haldwani ta ce ita tun bara na kanti take saye a roba. Ta Delhi ta ce nata ya mutu shekaru da suka wuce, kunya ta hana ta faɗa. Amare ke nan, waɗanda aka ba wa da kiɗa da guɗa. Na karɓo iri a gidan maƙwabcinmu Pande na kafa da madarar maƙwabta. Ama ta sa a baki ta tofar, ta ce, “Basanti, wannan ba nawa ba ne, kada ki raina mini hankali.” Tun ranar ruwan shayi kawai take kurɓa. Ta rame, Hansi. Zobenta yana zamewa daga yatsa.

Ba na iya roƙo, kin sani. Ga dai magana. In da sauran ƙyallen nan na asali, wanda hannun kowa bai taɓa ba, ki sa a ambulan ki ba Tiwari. An ce shi yana cikin waɗanda jirgin sama na farko zai ɗauko a Nuwamba. Ya kawo mini da hannunsa, in kafa, Ama ta ci. Na gaya mata yana zuwa, ta ce za ta jira.

Ki amsa mini da wuri.

Taiji


Binakot
Ƙarshen Agusta

Hansi,

Gaisuwa a taƙaice, tunda ke kin daina gaisuwa.

Wata guda ke nan. Kullum Nirmala sai ta hau tudun haikali inda waya take kamawa, ta sauko hannu wofi. Na gane. Na hana ki ɗakin girki, ke kuma kin samu inda za ki matse ni, kina can kina jin daɗi. To madalla. Ni ki rama a kaina, na cancanta ko ban cancanta ba. Amma Ama me ta yi miki? Tsohuwar da ta tauna abinci ta sa miki a baki! Jiya ta tambaye ni ko kin amsa, na yi mata ƙarya na ce kin ce yana hanya. Ban taɓa yi wa uwar mijina ƙarya ba sai a kanki.

Riƙe abinki. Ki ci da Varghese ɗinki. Ba zan sake tambaya ba.

Basanti Joshi


Tashar bincike
Watan Satumba

Taiji,

Na taɓa ƙafafunki, ko da yake kin sa hannu da cikakken suna kamar takardar kotu. Yau da safe wasiƙunki biyu suka shigo tare. Na karanta ta farko na yi kuka saboda Bhuri da gida da Ama. Na karanta ta biyu hawayen suka bushe. Haba Taiji! Ni ce zan yi wasa da yunwar Ama? Tarbiyyar da kika yi mini ke nan?

Guguwa ce ta karya farantin sadarwarmu tun ƙarshen Yuli, ta yi jifa da shi bayan tudu. Sai da iska ta lafa aka samu aka gyara. A cikin guguwar nan na fita duba na'urata, safar hannuna ta yage a jikin igiya, sanyi ya cinye mini yatsu biyu na hannun hagu. Likita ta ceci ɗaya, ɗayan ta cire kansa. Kada ki yi ihu, na warke, ina ma iya murza gurasar chapati.

Yanzu ki zauna ki ji, don ba zan yi miki ƙarya irin wadda kika yi wa Ama ba. Ƙyallen asali babu. Na gaya miki tun Maris, gida uku na yanka, duka sun shiga madara. Abin da ya rage shi ne wanda yake raye a kwano. Kuma kwanakin da na yi a kwance da hannu a naɗe, ba ni na kula da shi ba. Varghese ne. Shi ya riƙa dama madara, ya gwada ɗuminta da ɗan yatsansa, ya ɗebi na jiya ya sa wa na yau. Da babban inji ya tsaya ɗakin girki ya yi sanyi, Shabbir ne ya sa kwanon a cikin rigarsa yana gyaran inji da shi a ƙirji. Ba wanda ya sa su. Varghese ya zo bakin gadona ya ce, “Ƙanwata, kakarki tana nan lafiya, yau ma ta kama.” Haka yake kiransa, kakarki.

Don haka babu cokali ɗaya a cikinsa da hannun mai cin nama bai ratsa ba. In na jiƙa sabon ƙyalle na ba Tiwari na yi shiru, da kin karɓa kin kafa kina ganin tsarkakakke ne. Ba zan yi ba. Mutanen nan sun raya shi, ba zan goge sunansu don ya shiga ɗakinki ba.

Kuma ba zan ba Tiwari ba. Na je wurin shugaban tasha, saboda hannuna ya sa ni a jirgin farko. Ni zan kawo shi, a cikin rigata. Ama za ta ci, wannan ba ciniki ba ne, ko me kika yanke sai ta ci. In kin buɗe mini ɗakin girki, in shiga in kafa shi da hannuna inda ya saba kwana. In kin tare ƙofa, in hura wuta a baranda, in kafa shi a kwanon baƙin da kika tanadar mini, in ba Ama a baki a nan, duk Binakot suna kallo. Amma ba zan miƙa miki shi daga bakin ƙofa in koma gefe in tsaya ba. Wannan kam ko Ubangiji ya sani ba zan yi ba.

Ki gaya wa Ama gaskiya duka, har da Varghese. Ki ce mata ta sha ko na gidan Pande ne ta toshe hanci, ta jira ni.

'Yarki mai yatsu tara da rabi,
Hansi


Binakot
Watan Oktoba

Hansi,

Ki rayu, ki daɗe, 'yar nema. Wane hannu za ki riƙa tsefe kai da shi yanzu? Kwana biyu ban ci abinci ba saboda yatsan nan. Sai da na ce ki riƙa duba safa kafin ki fita, ko ban faɗa ba ai kin san zan faɗa. Wasiƙata ta biyu kuma ki share ta daga na'urarku. Ban ce na yi kuskure ba, na ce ki share.

Mun koma gida. An ɗaga bangon ɗakin girki. Tauji ya sayo wata saniya, ba ta kai Bhuri kyau ba amma tana da nono.

Na karanta wa Ama wasiƙarki, ban tsallake komai ba. Da na zo wurin da mutumin nan yake ce masa kakarki, ta sa na maimaita. Sai ta ce a kawo na gidan Pande. Ta toshe hanci da gaske, ta sha rabin ƙoƙo tana zagin matar Pande. Tun ranar tana sha.

Nirmala ba ta iya riƙe baki, magana ta zaga gari. Pandit, malamin haikalinmu, ya zo da kansa ya zauna a baranda, ya ce in irin nan ya shiga ɗakin girkina, shi ba zai sake cin abincin gidan nan ba, ko ranar sadakar magabata. Matar Pande ta ce ita ma haka, ita da surukanta. Tauji ya sunkuyar da kai yana jiran in ce to. Na ce, “Pandit-ji, lokacin da dutse ya rufe akushin nan ban ga wanda ya sa shi a rigarsa ba a duk garin nan. 'Ya'yana da na ba wa da guɗa sun kashe nasu. Wadda na hana ce ta raya shi da yatsanta. Ga shayinka nan, a kwanon baƙi, in ka ga dama ka sha.” Bai sha ba. Ban kuma bi shi ba. Abin bai zo mini da sauƙi ba, ba zan ɓoye miki ba, shekara arba'in ina wanke wa mutumin nan ƙafa.

Kada ki ɗauka kin ci ni da yaƙi. Har gobe ban yarda da madarar gwangwani ba, kuma sai ya yi mako yana cin nonon saniya kafin ya dawo hayyacinsa. Ki tambayi Varghese ɗin nan ɗumin da ya saba masa da shi, ki kuma ce matar yayan ubanki ta gaishe shi, shi da mai rigar.

Na sa an sassaƙa sabon akushi. Yana kan kanta ta ciki, kusa da murhu, ban sa masa komai ba, ban kuma bar kowa ya taɓa shi ba. In kin iso kada ki tsaya mini a baranda kina jiran a ce ki shigo, ni ba zan faɗa ba. Ki wanke ƙafa dai kafin ki taka, don jiya na gama shafe daɓen, kuma da gwiwar nan ba zan sake ba.

Taiji